Ranar da Na'urata Ta Ƙi Amsa Sallamar Alhaji Sale

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Alhamis ba, ranar da na tsaya gaban dattawan garinmu, da karatuna da gemuna, na tambayi mutumin da ya je Makka sau uku ko ya yi Bismillah. Har yau in abin ya faɗo min a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don ni ba mutum ne mai gaggawa ba (nan gaba kaɗan za ku gane cewa a nan gizo ke saƙar).

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal, wato babbar magudanar noman rani, yake ciyar da mu rani da damina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malami ne, kuma a hannunsa na koyi ajami tun kafin in san harafin boko ko ɗaya. Shi ya sa min wata ɗabi'a da ta zame min jiki. Duk aikin da zan fara, sai na yi Bismillah, na yi salati, sannan na karanta wata 'yar addu'ar neman buɗi da ya koya min. Kuma ba ya yarda a karanta da sauri. Yakan ce, "Ba a roƙon Ubangiji kamar ana korar akuya daga gona." Don haka a hankali nake janta, kalma bayan kalma, ko da allura zan zura wa zare.

Daga baya na tafi Kano na yi karatun lantarki, Allah ya sa abincina a rubuta wa ƙananan na'urori umarni. Irin na'urorin nan da ƙwaƙwalwarsu ba ta kai farcen babban yatsa ba. Sashen da na fi ji da shi a aikin shi ne abin da muke kira direban USB, wato umarnin da ke koya wa na'ura yadda za ta gaisa da kwamfuta idan an haɗa su da kebul. Abin yana da ladabinsa, kamar shiga gidan mutane. Da farko na'ura za ta ɗaga wata 'yar alama a jikin waya, ma'ana, "Ina nan." Kwamfuta tana ganin alamar sai ta yi sallama ta tambaya, wace ce ke, me kike yi, nawa za ki iya ɗauka a lokaci ɗaya? Idan an amsa mata da kyau, an zama abokai. Idan ta yi sallama ta sake ta kuma aka yi shiru, sai ta juya abinta, ba za ta ƙara tambaya ba sai an zare kebul an sake sawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A wannan shekarar, wajen ƙarshen sanyi, rigimar ruwa ta yi tsami a kanal ɗinmu. Mutanen kai, wato masu gonaki kusa da ƙofar ruwa, sun fara dashen shinkafar rani, ita kuwa shinkafa ba ta ƙoshi da ruwa. Mutanen wutsiya, na can ƙarshen kanal, albasa ce a gonakinsu, ta fara ɗaura kai. A takarda kowa da ranakunsa. Amma 'yan wutsiya sun rantse cewa ko a ranakunsu ruwa ba ya isowa sai rana ta yi tsaka, kuma abin da ke isowa bai fi a wanke ƙafa ba. 'Yan kai suka ce ƙarya ne, lalaci ne ke hana su fitowa da wuri.

Cikin 'yan wutsiya akwai Kawu Iro, ƙanen mahaifiyata, wanda gonar albasar nan ita ce duk abin da ya dogara da shi a shekarar. Wata safiya ya zo ya same ni a shago, ya ajiye min wata albasa a kan tebur, ba ta fi ƙwallon goruba ba.

"Kalli nan," in ji shi. "Wai kai injiniya ne. Shin injiniyancin naka ba shi da wani abin da zai tsaya a kanal ya yi shaida? Mu in mun faɗa, a ce mun yi ƙarya."

Maganar ta shige ni. Na haɗa wani ɗan akwati, girmansa bai wuce gwangwanin madara ba, mai batir a ciki. Ana ɗaure shi a kan ƙarfe bisa ruwa, duk kwata na awa ya farka ya auna zurfin ruwan, ya rubuta, ya koma barci. Idan ana son karatun, sai a kwanto shi, a danna wani maɓalli ya farka, a sa kebul, ya bayyana a kwamfuta kamar filash. Ana zare kebul kuma sai ya koma barci, don kada batir ya ƙare.

Wata uku na yi ina fama da direban nan, tun ma kafin rigimar ta kai haka, don dama ina da niyyar yin irin na'urar. Kamar yadda na saba, a littafina na ajami na fara tsara komai kafin in taɓa kwamfuta (abokan aikina suna min dariya, amma a ajami ƙwaƙwalwata ta fi tafiya daidai). Na gwada na'urar ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba. Na gwada da kebul dogo, na gwada da gajere, na gwada a kwamfutoci uku. Ko sau ɗaya ba ta ba ni kunya ba. Har na rubuta a ƙasan shafin, da jan tawada: "An gama, alhamdu lillahi." Allah sarki.

Ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yarda a ɗaure akwatin a wutsiya na sati uku, a sa masa kwaɗo, makulli ya zauna a hannun Baba Tanko. Shi ne mai buɗe ƙofar ruwa da rufe ta tun ina yaro, dattijo ne siriri, ba ya rabo da goro, kuma kowane ɓangare ya yarda da amanarsa. Aka kuma yi alkawari: abin da akwati ya faɗa, da shi za a yi hukunci. In ya nuna ruwa ba ya isa, za a ƙara wa 'yan wutsiya awoyi. In ya nuna yana isa, su yi shiru har damina.

Da sati ukun suka cika, ranar Alhamis bayan la'asar aka taru ƙarƙashin mangwaron makarantar firamare. Na sa farar shaddata, wadda ba na sawa sai Juma'a. Na ɗora kwamfuta a kan bencin 'yan makaranta. Baba Tanko ya kawo akwati, ya buɗe kwaɗo a gaban kowa. Kawu Iro yana gaba-gaba, ya harɗe ƙafa, yana kallon 'yan kai kamar wanda aka riga aka ba gaskiya.

Ina miƙa hannu zan ɗauka, sai Alhaji Sale ya ce, "Dakata, ɗan Malam."

Alhaji Sale shi ne babban 'yan kai. Yana da gonakin shinkafa da injin casa a Kura, mutumin kirki ne mai kyauta, amma ban taɓa ganin ɗan'adam mai sauri irinsa ba. Yana gaishe ka yana amsa waya yana tada babur. In ya ja salla a masallacin unguwa, tsofaffi sai sun huta bayan sallama.

"Iro kawunka ne," in ji shi. "Ba na zarginka, amma don zuciyar kowa ta kwanta, bari in sa da hannuna. Yaya ake yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba wuya. Ka danna nan, sannan ka sa wannan a nan." (Har da ɗan murmushi na mai gwaninta.)

Ya danna, ya soka, duk a numfashi ɗaya. Kwamfuta ta yi 'yar ƙararta, ta ɗan yi jim, sannan ta fito da saƙo a ƙasa: ba ta san wannan baƙo ba.

Ban taɓa ganin saƙon nan a kan na'urata ba. Na ce wataƙila ƙura ce ta shiga ramin. Na karɓa, na hure, na danna maɓalli, na yi abin da na saba a ƙarƙashin numfashina, na sa kebul. Nan take akwati ya bayyana, tsaf, kamar ba shi ba. 'Yan wutsiya suka ce, "Yauwa!"

"Zare," in ji Alhaji. "Kawo."

Ya danna, ya soka. Ba ta san baƙo ba.

Na karɓa, ta amsa. Ya karɓa, ta ƙi. Sau uku muna haka, kamar masu wasan yara. Zufa ta fara bin bayana, shaddar Juma'a ta manne. A raina ina ta laluben dalili: kebul ɗaya, kwamfuta ɗaya, akwati ɗaya. Me ya bambanta?

Sai wani daga cikin 'yan kai ya ɗaga murya daga baya: "Jama'a, ku lura da bakinsa! Duk sanda zai sa, leɓensa na motsi!"

Wuri ya ɗauki guna-guni. Alhaji Sale ya ajiye akwatin a hankali (wannan ne karo na farko da na ga ya yi wani abu a hankali), ya dube ni.

"Ɗan Malam, injiniya muka kira ko mai tsubbu? Shaidar da ba ta buɗe baki sai a hannun ɗan'uwan mai ƙara, wane alƙali ne zai karɓe ta? Iro, ka ga abin da nake faɗa."

Na dubi Kawu. Ya sauke ƙafar da ya harɗe. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. A nan na gane ba sunana kaɗai ke shirin zubewa ba. In aka watsar da akwatin nan, an watsar da sati uku, albasa kuwa ba za ta jira wasu ukun ba.

To a irin wannan lokaci ne ya kamata injiniya ya natsu ya yi tunani. Ni kuwa me na yi? Maganar mutumin baya ce ta tsaya min a rai. Gaskiya ne fa, bambancin da ke tsakanina da Alhaji ke nan. Kuma, in faɗa muku tsakani da Allah, sai da wani ɗan daɗi ya ratsa zuciyata. Na ce ashe addu'ar Malam ta kai haka, har ƙarfe da waya sun san ta? (Kun ga yadda shaiɗan ke shigo wa mutum ta ƙofar da ya fi tsaro.) Sai na gyara tsayuwa, na sassauta murya irin ta masu wa'azi, na ce:

"Alhaji, ba tsubbu ba ne. Amma... ka yi Bismillah kuwa?"

Tsit. Har kukan kurciya na ji daga kan mangwaro.

"Ni?" in ji Alhaji. "Ni kake tambaya? Ni da na ɗauke ka a kafaɗa ranar saukarka?"

Ya fizgi akwati, ya danna, ya ce "Bismillahi!" da ƙarfin da har awakin bayan makaranta suka ɗaga kai, ya soka kebul.

Ba ta san baƙo ba.

Jama'a, ban san wa ya fara ba, amma wurin nan ya fashe da dariya, 'yan kai da 'yan wutsiya baki ɗaya. Wani tsoho abokin wasan Alhaji yana riƙe ciki yana cewa, "Sale, taka ba ta hau ba! A koma Makka, a yi na huɗu!" Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga, fuska ta haɗe. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige, da ni da shaddar. Na tozarta dattijo a bainar jama'a, na jingina wa addini abin da bai ce ba, kuma har yanzu ban san me ke damun na'urata ba.

"Sale, zauna," in ji wata murya. Baba Tanko ne. Duk abin nan yana gefe a kan kujerar malamin aji. "Injiniya, miƙo min abin naka."

Na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya danna maɓalli, ya ajiye a cinya. Ya zaro goro daga aljihu, ya ɓare, ya duba ko da tsutsa, ya gatsa, ya mayar da sauran. Sannan ya ɗauki kebul, ya yi ta neman ramin, ya sa a juye, ya gyara, ya sa.

Akwati ya bayyana.

"To," in ji shi yana tauna. "Ni dai Bismillata a zuci na yi, gajeriya, irin ta Sale. Injiniya, abin nan naka nauyin barci ne da shi. Kai kana tashinsa ka ba shi lokaci ya wartsake. Sale kuwa yana tashinsa yana tambayarsa. Ko ruwa, in na buɗe ƙofa, ba a take yake isa gonar mutum ba."

Wallahi ji na yi kamar an ɗaga min labule. Nan take shafin littafina ya bayyana a idona, layi bayan layi. Idan akwati ya farka, abu na farko da na sa shi ya yi shi ne ɗaga alamar "Ina nan." Bayan haka sai ya shiga bin rubutun da ya tara, yana neman inda ya tsaya, kuma yana cikin wannan aikin ba ya jin kiran kowa. A shago rubutun kaɗan ne. Yanzu kuwa na sati uku ya tara, sai ya ɗauki kamar daƙiƙa bakwai. Wato na sa shi ya buɗe ƙofa ya ce a shigo, alhali yana banɗaki. Alhaji yana sa kebul, kwamfuta ta yi sallama ta gaji ta tafi. Ni kuwa tsakanin danna maɓalli da sa kebul akwai Bismillah, da salati, da addu'ar Malam, a ja a hankali. Kafin in shafa, akwati ya gama ya zauna yana jira. A littafina matakai biyu na rubuta: danna, sa kebul. Ashe uku nake yi. Wa zai rubuta Bismillah a jerin matakai? Ai kamar ka rubuta numfashi ne.

Na tattaro ɗan abin da ya rage min na murya, na yi wa jama'a bayani. Na ce laifina ne, ba na akwati ba, ba na Alhaji ba, kuma kuskuren a ƙofar shiga yake, bai taɓa rubutun da ke ciki ba. Na roƙi Alhaji ya sake gwadawa, amma ya ƙirga goma kafin ya sa.

"Goma?" in ji shi, kamar na ce ya jira damina.

Ya danna. Ya fara, ɗaya, biyu, uku, a guje. Jama'a suka ce, "A hankali, Alhaji!" Sai duk taron ya kama ƙirga masa da murya ɗaya, kamar 'yan aji ɗaya. A kan goma ya soka. Akwati ya amsa. Ya ce a sake. Aka sake, ya amsa. Ya ba wani daga cikin 'yan kai, shi ma akwati ya amsa masa.

Daga nan aka buɗe rubutun. Na nuna musu zanen: inda layi ya hau, ruwa ne, inda ya kwanta, babu. A ranakun wutsiya layin yana kwance tun asuba har wajen azahar, sannan ya ɗan ɗaga kai. Alhaji Sale ya daɗe yana kallo. In ba shi haƙƙinsa, mutum ne mai sauri har a karɓar gaskiya.

"Iro," ya ce, "ashe kuna shan wuya. Tanko, daga gobe a rufe mana namu tun magariba ana gobe za a ba su, ruwa ya kwana yana tafiya."

Kawu ya mayar da hularsa kansa. Albasarsa ta shekarar ba ta yi girman a zo a gani ba, amma ta yi, har ya aiko min da kwando guda.

Washegari bayan na idar da walaha na buɗe kwamfuta. Gyaran da ya jawo min duk wannan abin kunya layi ɗaya ne. Na ɗauke "Ina nan" daga sama na mayar da shi ƙasa, bayan akwati ya gama shirinsa. Yanzu ko an sa kebul da wuri, kwamfuta ba ta ganin kowa sai mai gida ya kimtsa. Ban kai minti biyu ba. Na ɗauko littafi na soke "An gama" ɗin nan na jan tawada, na bar "alhamdu lillahi."

Abin da ya fi gyaran wuya shi ne zuwa gidan Alhaji. Na same shi a zaure, na durƙusa, na fara jero ban haƙuri a hankali yadda na saba. Ban kai rabi ba ya katse ni.

"Na yafe, na yafe, tashi. In na bar ka sai magariba. Ina abin? Ka gyara?"

Na miƙa masa. Ya danna ya soka. Ya amsa. Ya zare ya soka, ya zare ya soka, ya sa rabi ya fizge, ya sa kafin ya danna. A karo na shida akwati ya daskare, ya ƙi motsi sam. Wani kuskuren ne dabam, wanda da hannuna ko shekara zan yi ba zan tono shi ba.

"Koma," in ji shi, yana dariya har da buga cinya. "Kuma ka yi Bismillah."

Tun daga ranar, duk direban da na rubuta ba ya fita shagona sai ya bi ta hannun Alhaji Sale. Ba ya karɓar komai, jin daɗin karya min aiki ya ishe shi. A kasuwar Kura kuwa har yanzu akwai masu hango ni su ce, "Injiniya, a ƙirga goma ko a soka?" Ina amsa musu da dariya, don na ci abin a yi min.

Addu'ar Malam ban bar ta ba, kuma ban rage mata tsawo ba. Ai ta yi min abin da ake roƙo: wata uku cur tana rufa min asiri. Ni ne na mayar da rufin asiri shaidar gwaninta. Abin da na ƙara kawai shi ne, in na shafa addu'a na gama aiki a hankalina, sai in nemi mutumin da ya fi kowa gaggawa a garin in damƙa masa. In zai fashe, gara ya fashe a zauren Alhaji, mu biyu, da ya fashe ƙarƙashin mangwaro ina sanye da shaddar Juma'a.